Shelar Fam Miliyan 46 Da Manoman Birtaniya

Ran 1 ga watan Satumba, 2019, Gwamnatin Birtaniya ta fara wata shela wadda aka ce ba ta taɓa yin mai girmanta ba. Aka kafa alluna a bakin titi, aka sayi fili a jaridu, aka sa a rediyo da talabijin da intanet. Maganar duk guda ce, watau kowa ya shirya, gama ran 31 ga Oktoba ƙasar za ta fita daga Tarayyar Turai. Har a bisa manyan hanyoyin mota aka kunna allunan nan masu wuta, ana gaya wa direbobi cewa takardun kai kaya Turai suna iya sakewa ran 1 ga Nuwamba, su bincika. Kuɗin da aka ware domin wannan aiki fam miliyan 100 ne, Ministan da aka danƙa wa shi kuwa Michael Gove ne.

Mai karatu zai ce, ina ruwan filin manoma da allunan Ingila? To, cikin dukan waɗanda aka yi wa shelar nan babu wanda abin ya shafa kamar manomi da makiyayi da masunci. Mai fataucin ƙarfe in an tsare motarsa kwana uku a bakin iyaka, ƙarfensa yana nan ƙarfe. Mai nama da mai madara da mai ɗanyen kifi fa? Kwana uku ya isa ya mai da dukiyarsu abin zubarwa a juji.

Asalin maganar

Birtaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai tun 1973. Daga 1993 kuwa aka kau da kwastan gaba ɗaya tsakanin ƙasashen ƙungiyar, har ya zama mai kaya a Ingila yana loda motarsa ya kai Faransa ko Jamus kamar yadda falke zai tashi daga Kano ya sauke a Zariya. Ba kuɗin fito, ba mai kwance masa kaya a hanya. Yara suka tashi suka gāji gonakin iyayensu ba su taɓa ganin takardar kwastan da idonsu ba.

Makiyayan tumaki su suka fi kowa cin moriyar wannan hali. Ƙasar tana da tumaki fiye da miliyan 30, yawancinsu a tuddan Wels da Sikotlan da arewacin Ingila, inda garma ba ta da amfani sai dai kiwo. Wajen sulusin naman da su ke samu fitar da shi a ke yi, cikin abin da a ke fitarwa kuma fiye da kashi 90 cikin 100 Tarayyar Turai ya ke zuwa, tun ba Faransa ba.

Ran 23 ga Yuni, 2016, aka jefa ƙuri'a, kashi 52 cikin 100 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Aka sa ranar fita 29 ga Maris, 2019, ba a shirya ba, aka ɗaga zuwa 12 ga Afrilu, aka sake ɗagawa zuwa 31 ga Oktoba. Da Boris Johnson ya zama Firayim Minista cikin watan Yuli na shekarar, sai ya ce wannan karon babu sauran ɗagawa, ko an daidaita da Turai ko ba a daidaita ba. In da an fita ba yarjejeniya, kuɗin fiton da za a ɗora wa naman tunkiya a ƙofar Turai zai kusa rabin tamaninsa, wanda ya ke daidai da a ce an rufe kasuwar. Saboda haka ba za a ce Gwamnati ta yi laifi da ta so ta farkar da jama'a ba. Abin dubawa shi ne me ta gaya musu, me kuma kuɗin ya saya.

Ranar da ba ta zo ba

Shelar ba ta wuce kwana takwas ba sai Majalisar Dokoki ta zartad da wata doka, ran 9 ga Satumba, wadda ta tilasta wa Firayim Minista ya roƙi ƙarin wa'adi in ba a sami yarjejeniya ba kafin 19 ga Oktoba. Duk mai sauraron labarai ya san da wannan. Amma alluna suna nan tsaye suna cewa 31 ga Oktoba, rediyo yana ta maimaitawa. Sai manomi ya zama da murya biyu a kunnensa, ta allo tana cewa ka shirya, ta Majalisa tana cewa da sauran magana. Ga shi kuwa sau biyu a wannan shekara an riga an ce masa ya shirya, wasu sun kama hayar sito sun tara kaya, rana ta zo ta wuce ba abin da ya faru. Wanda aka tasa sau biyu da dare aka ce gobara, ya fito bai ga hayaƙi ba, a na uku da wuya ya ko ɗaga kai daga matashi.

Ran 28 ga Oktoba Tarayyar Turai ta yarda da ƙarin wa'adi zuwa 31 ga Janairu, 2020. A ranar aka tsai da shelar, saura kwana uku ranar da aka yi ta ambato ta cika. An riga an kashe fam miliyan 46. Har tsabar kuɗi na tunawa da ranar an fara bugawa, mai darajar rabin fam, watau sule goma a lissafin da, an rubuta 31 ga Oktoba a jikinta. Tilas aka mai da su wuta aka narke.

Cikin watan Janairu na 2020 Ofishin Babban Odita na ƙasar ya fitar da sakamakon bincikensa a kan wannan kuɗi. Ya tarar kashi 58 cikin 100 na mutanen da aka tambaya sun tuna da shelar. Ta wannan fuska ganga ta yi zaƙi, an ji ta. Amma ba domin a ji kaɗai aka kaɗa ta ba, domin a tashi ne. Da aka duba yawan waɗanda suka ce sun nemi bayanin abin da za su yi, ko sun fara nema, sai aka ga tun daga farkon shelar har ƙarshenta yana tsakanin kashi 32 da kashi 37, ranar da aka tsaya kuwa kashi 34 ne. Watau inda aka same su nan aka bar su. Odita ya ce ba a iya nuna cewa shelar ta sa jama'a sun ƙara shiri ƙwarai ba.

Akwai wani abu cikin binciken wanda ya kamata malaman gona su lura da shi. Shelar kashi biyu aka yi ta. Akwai ta iska, watau alluna da rediyo da talabijin. Akwai ta ƙasa, watau ma'aikata su bi gari gari su tara 'yan kasuwa su amsa tambayoyinsu, su kafa rumfuna a wuraren da direbobi su ke hutawa. Ta iskar ita ta ci mafi yawan kuɗin. Dattawan da suka ga zamanin motar majigi sun san bambancin. Majigi yana tara mutane a dandali, a yi kallo a watse, amma wanda ya ke sa manomi ya sake tazarar shukarsa shi ne malamin da ya tsuguna da shi a kan kunya ya gwada masa da hannu.

Shela ta biyu

Birtaniya ta fita ran 31 ga Janairu, 2020, amma aka bar ciniki yadda ya ke har ƙarshen shekara, domin a sami sararin ƙulla sabuwar yarjejeniya. Cikin watan Yuli aka soma wata shela da kalmomi uku: duba, sake, tafi. Da kaka ta yi aka ƙara da cewa lokaci yana ƙurewa. Wannan karon ranar gaskiya ce, 1 ga Janairu, 2021. Sai dai tambayar da 'yan kasuwa su ke yi ba ta sake ba: a shirya wa me? Za a biya kuɗin fito ko ba za a biya ba? Ba wanda ya iya ba su amsa, gama masu shawara suna can suna ta ja-in-ja, yawanci a kan kamun kifi. Ba a daidaita ba sai ran 24 ga Disamba, jajiberen Kirsimeti, lokacin da ofisoshi su ke rufe. Yarjejeniyar ta fi shafi 1,200, ta fara aiki bayan mako guda.

Makiyayan tumaki suka yi ajiyar zuciya, gama yarjejeniyar ta ce babu kuɗin fito, babu ƙayyade yawan kaya. Amma rashin kuɗin fito daban, rashin takarda daban, nan kuwa mutane da yawa suka yi tuntuɓe.

Ga abin da ya wajaba a kan mai fitar da nama ko madara ko ƙwai ko kifi tun daga safiyar 1 ga Janairu. Da fari sai ya cika takardar kwastan. Sa'an nan ya nemi takardar shaidar lafiyar kaya, wadda sai likitan dabbobi da Gwamnati ta amince da shi, ko wani jami'in lafiya mai izini, ya zo ya duba kayan ya sa hannu. Takardar shafi da yawa ce, a kan yi ta da Turanci da kuma harshen ƙasar da kayan za su fara sauka, a bi ta da hatimi, tawadar hatimin kuma dole launinta ya bambanta da na rubutun. Kowane irin kaya da tasa takarda. Sai a sanar da masu tsaron iyaka na can tun kwana guda kafin mota ta iso, kuma ba ta kowace tasha a ke shiga ba, sai wadda a ke da wurin binciken irin wannan kaya. Ko katakon da a ke jera kwalaye a kai sai wanda aka gasa aka buga wa tambari, domin kada ya shigo da ƙwarin itace. Mai kifin teku yana da ƙarin takardar da za ta nuna jirgin da ya kama shi.

Duk wannan ba sabuwar doka aka ƙago domin a ƙuntata wa Birtaniya ba. Ita ce dokar da Turai ta ke bi da kowace ƙasa ta waje, da hannun Birtaniya ma aka rubuta ta sa'ad da ta ke ciki. Manoman wake na Nijeriya sun san tsaurin wannan ƙofa, gama cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ƙofar da Turawan Ingila su ke tsaye a bayanta suna duba kayan wasu, ita ce suka wayi gari suna ƙwanƙwasawa daga waje.

To, wa zai cika takardun? Hukumar kwastan ta ƙasar ta ƙiyasta cewa akwai kamfanoni wajen 145,000 masu rajistar haraji waɗanda da Turai kaɗai su ke ciniki, ba su taɓa hulɗa da kwastan ba. Ta kuma ƙiyasta cewa takardun da a ke cikawa a shekara za su tashi daga miliyan 55 su haura miliyan 250. Gwamnati ta ware fam miliyan 84 domin a koya wa sababbin akawuna wannan aiki, a sayi na'urori, an kuma ƙara yawan likitocin da ke da izinin sa hannu. Wannan kuɗi ya fi na alluna amfani nesa ba kusa ba. Amma akawun kwastan ba a wata guda a ke yinsa ba, balle likitan dabbobi, wanda ya ke shekara biyar a makaranta. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yawancin likitocin da ke aiki a mayankan Birtaniya daga ƙasashen Turai suka zo, ga shi an rufe musu hanyar shigowa yadda suka saba.

Watan Janairu na 2021

Masuntan Sikotlan su suka fara ɗanɗanawa. Sana'arsu ta gaggawa ce: a kama jatan lande da ƙaguwa, a loda su da ransu, a kwana ana tafiya, su isa kasuwar kifi ta Boulogne a Faransa kashegari. Da takardu suka shigo, tafiyar kwana guda ta koma ta kwana biyu ko uku, kaya suka riƙa isa sun mutu. Farashi ya faɗi a kasuwar Peterhead, wasu jirage suka ɗaure a tasha, wasu suka gwammace su tuƙa har Denmak su sauke a can. Ran 18 ga watan masu manyan motocin kifi suka shigo Landan suka jera su kusa da gidan Firayim Minista. Nan da nan Gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 23 na rage asara.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen ƙananan masu kaya. Mai ƙaramar sana'a ba ya iya cika mota shi kaɗai, sai su haɗu su goma ko fiye, kowa ya sa 'yan kwalayensa, su raba kuɗin mota, kamar dai yadda masu buhu biyu uku su ke haɗa lodi ranar kasuwa. A sabon tsari kowane mai kaya da takardarsa. In aka sami kuskure a ta mutum guda, ko lamba ɗaya ce, motar duka a ke tsarewa, kayan mutum tara masu gaskiya su lalace tare da na mai kuskure. Da masu motoci suka ga haka, waɗansunsu suka daina karɓar haɗakar lodi na ɗan lokaci, suka ce sai mai cika mota.

Kuɗin takardar ma bai san babba da ƙarami ba. Likita in ya zo, ladansa kusan ɗaya ne, ko tan ashirin ya duba ko ƙunshi guda. Wani mai cuku a lardin Cheshire, wanda ya saba aika wa masu saye a Turai ƙunshi ƙunshi ta gidan waya, ya tarar kowane ƙunshi sai an yi masa takardar fam 180, alhali cukun da ke ciki bai fi na fam 25 ko 30 ba. Ba allon da zai gyara wannan lissafi. Babban kamfani ya ɗauki akawu ya raba kuɗin a kan lodi, ƙarami kuwa ya rufe littafin Turai.

Akwai kuma kayan da ba takardar da za ta fisshe su, an hana su ne ƙwaf. Niƙaƙƙen ɗanyen nama wanda ba a daskarar ba yana ciki. Amma wanda ya fi taɓa manoma shi ne irin dankalin Turawa. Sikotlan ƙasa ce mai sanyi da iska, ƙwarin da ke yaɗa cutar dankali ba su da yawa a can, saboda haka irinta ya yi suna, kafin 2021 tana sayar wa Turai da Ailan ta Arewa wajen tan 20,000 a shekara. Iri kuwa ba a damina guda a ke samunsa ba, shekara da shekaru a ke yi ana ninka shi daga ɗan kaɗan, kowace ƙasa da nau'in da ta ke so. Manoman nan sun shuka, sun haƙe, sun adana, sai a ƙarshen Disamba aka tabbatar musu cewa daga 1 ga Janairu ba ko ƙwaya guda da za ta shiga Tarayyar Turai. Wace irin shiri mai wannan gona zai yi da jin rediyo?

Ko direbobi ba su tsira ba. A wata tashar jirgin ruwa ta Holan masu kwastan suka riƙa karɓe guzurinsu na burodi da nama, gama doka ta hana shiga da nama ko da na ci a hanya ne. Aka ɗauki hoton abin aka nuna a talabijin, duniya ta yi dariya, ban da mai guzurin.

Da lissafin watan ya fito, ofishin ƙididdiga na ƙasar ya nuna kayan da aka sayar wa Tarayyar Turai sun ragu da wajen kashi 40 cikin 100 in an gwada da watan Disamba, abinci da dabbobi kuwa sun ragu da fiye da kashi 60. A yi adalci, ba takardu kaɗai suka jawo wannan ba. Annobar korona ta rufe gidajen abinci a Turai a lokacin, 'yan kasuwa kuma sun riga sun tura kaya da yawa kafin ƙarshen shekara domin gudun abin da zai zo. Cikin watannin da suka biyo ciniki ya farfaɗo ƙwarai, akawuna suka gwanance, naman tunkiya ya ci gaba da ƙetarawa. Sai dai yawancin masu ƙetarawar manya ne. Cikin watan Fabrairu Gwamnati ta yi shelar asusun fam miliyan 20 domin ƙananan 'yan kasuwa, kowa ya karɓi har fam 2,000 ya nemi mai koya masa aikin kwastan. Abin da aka raba bai kai rabi ba kafin a rufe shi.

Wani abin mamaki, Gwamnatin da ta yi ta gaya wa mutane su shirya ita kanta ba ta shirya ba. Turai ta fara binciken kayan Birtaniya tun ranar farko. Birtaniya kuwa sau biyar tana ɗaga ranar da za ta fara binciken abincin da ke shigo mata daga Turai. Ba a fara neman takardar shaidar lafiya ba sai 31 ga Janairu, 2024, binciken kaya da hannu kuma sai 30 ga Afrilu na shekarar. Shekara uku ke nan manomin Faransa yana shigo da cukunsa Ingila cikin sauƙi, manomin Ingila kuwa yana biyan likita kafin ya kai nasa Faransa. Ƙungiyar manoman ƙasar ta yi ta kuka a kan wannan, ta ce an ɗaure wa 'ya'yanta ƙafa an sake abokan tserensu.

Ran 19 ga Mayu, 2025, Firayim Minista Keir Starmer ya zauna da shugabannin Tarayyar Turai a Landan, suka amince za su ƙulla wata yarjejeniya a kan lafiyar dabbobi da tsire-tsire, wadda za ta kau da yawancin takardun nan, bisa sharaɗin Birtaniya ta riƙa bin dokokin Turai na abinci. Manoman irin dankali kuwa tun kafin nan an buɗe musu Ailan ta Arewa cikin watan Oktoba na 2023, sauran abin da suka noma suka ci gaba da lodawa a jirgin ruwa zuwa Masar da Maroko, waɗanda dama tsofaffin masu saye ne a wurinsu.